Bajon Da Aka Kai Samfur

Akwai mutanen da idan ka nuna musu jaririn da aka haifa maka jiya, abin da zai fara zuwa musu a rai shi ne guda nawa irinsa za su shiga katan. Yayan matata yana cikinsu, in ma ba shi ne limaminsu ba. Da shi na zauna a Guangzhou a ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da 'yan kasuwarmu na Kano suka fara juya wa Bankok baya suna gangarowa ƙasar Sin. Shi ya kawo ni. Wannan ba zan ɓoye ba, kuma ko na so ɓoyewa ba zai bari ba, don duk baƙon da ya shigo sai ya faɗa masa. Takalma muke saye a Zhanxi Lu, nan kusa da tashar jirgin ƙasa, wani lokaci mu leƙa kasuwar Baima mu haɗa da riguna mu tura gida. Ɗaki ɗaya muka kama a saman wani tsohon bene, da katifa biyu da fanka, sauran wurin duk katan ne har rufi.

Ni Alhaji nake ce masa, don ya girme ni kuma ƙanwarsa nake aure. Shi kuwa Kyaftin yake kirana, ba don girmamawa ba. Dalilin sunan wani gwangwanin biskit ne da nake ajiyewa a bayan katifata. A cikinsa akwai tsofaffin kayan jikin yunifom na hafsoshin sojan ruwa: bajon da ake maƙalawa a goshin hula, da maɓallan tagulla masu hoton anga, wato ƙarfen nan mai ƙugiya biyu da ake jefawa a ruwa don tsayar da jirgi, da abin kafaɗa mai layukan zinare. Tun ina saurayi nake tara su. Wani tantabara yake kiwo, wani ƙwallo yake bi, ni wannan ce tawa cutar, kuma ban taɓa neman magani ba.

Daga babana na samo ta. Bakano ne da ya tafi Ikko tun da ƙuruciya ya zama mai wanki da guga a Apapa, kuma hafsoshin sojan ruwa ne manyan masu kawo masa aiki. Duk wanda ya san fararen kayan nan nasu ya san ba aikin rago ba ne. Ɗigon shuni ya yi yawa an gani, sitaci ya gaza an gani. Kafin a jiƙa riga sai an cire maɓallai ɗaya bayan ɗaya, hula kuma a zare farin murfinta a wanke, a ajiye baƙar ɗamarar da bajon yake jiki a gefe. Babana mutum ne mai ji da aikinsa ƙwarai, har ana ce masa ya cika tsanani. Duk tsawon zamansa a can sau ɗaya hannunsa ya kuskure, tun kafin a haife ni. Yana fifita gawayin dutsen guga, tartsatsi ya tashi ya sauka a kan bajon wani hafsa, ya ƙone ganye ɗaya daga cikin ganyayen zinaren da suka kewaye angar, na ɓangaren hagu.

Hafsan bai yi faɗa ba. Ya duba, ya ce ba komai, ya bar wa babana bajon ya nemi wani. Wannan rashin faɗan shi ya fi yi wa babana ciwo, don ya ce da an zage shi da abin ya wuce. Ya naɗe bajon a farin hankici ya ɓoye, ko mahaifiyata ba ta san da shi ba. Sai da ya tsufa, mun dawo Kano, ciwon ajalinsa ya kama shi, sannan ya kira ni ya buɗe mini. Ya ce, "Ka ga kuskurena nan. Kai ne mai son irin kayan nan, ka riƙe. Amma kada ka nuna wa kowa, kada ka ba kowa labari." Na ce masa to.

Wannan bajo shi ya koya mini karanta sauran. Mai tara irin waɗannan kaya abin da yake nema shi ne ya ɗauki abu ya ce ga zamanin da aka yi shi. Da kambin da ke saman angar ake farawa. Na zamanin sarkin Ingila samansa a tashe yake kamar ƙubba. Na zamanin sarauniya ya lotsa a tsakiya, kamar hular da aka zauna a kai. In ka ga mikiya a maimakon kambi, to namu ne na bayan mun zama jamhuriya. Daga nan sai ka juya baya. Tsohon aiki ɗinkin hannu ne, za ka ga zaren yana tafiya ba daidai ba, inda mai ɗinkin ya gaji ma za ka gane. Sabo kuwa gam ne kawai aka shafe bayan da shi. Sannan zaren zinaren kansa, wanda siririyar waya ce aka nannaɗe, in ya shekara yakan yi duhu ya koma kalar tsohuwar zuma, kuma duhun ya fi zama a lunguna inda yatsa ba ya kaiwa. Na babana kambin sarauniya ne, ɗinkin hannu, kuma an sa shi a Ikko kafin mikiya ta zo. Irinsa suna da yawa a duniya, ban ce babu ba. Amma mai ƙunar nan a ganyen hagu ɗaya ne tak.

Guangzhou ta zo mini daidai ta wannan fanni. A shekarar da Turawan Ingila suka miƙa Hong Kong, tarkacensu ya riƙa tsallakowa, kuma akwai wani layi a tsohon gari inda ake baje tsofaffin kaya a ƙasa, agoguna da kwanuka da kuɗin da aka daina karɓa. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, 'yan uwana su nufi gidan taliyar Musulmin Sin, ni kuma in zame in tafi can. Na samu abubuwa masu kyau a layin nan. Na kuma ga jabu iri-iri. Wani dattijo ya taɓa miƙo mini bajo mai kambin sarki, ya yi duhu kamar ya ga yaƙi. Na kai shi hanci, sai ƙamshin shayi ya buge ni. A ruwan shayi aka jiƙa shi ya kwana don ya tsufa da wuri. Na juya baya, ga gam nan yana ƙyalli. Na ajiye masa abinsa na share yatsuna a jikin wando a gabansa, don ya gani. Ba abin da na tsana a duniya irin jabu, kuma ina alfahari da cewa ko ɗaya bai taɓa kwana a gwangwanina ba.

Alhaji kuwa in na dawo da abin da na samo, sai ya kalle shi ya taɓe baki. "Kyaftin, yau kuma wace sharar aka kwaso? Mutane suna loda kwantena kai kana tsintar maɓalli. Ƙanwata dai ta haɗu da aiki." Sai ya yi dariyar nan tasa da tumbinsa ke rigan bakinsa farawa. Ni dai in ƙyale shi, don suruki ne.

To sai in faɗi yadda samfur yake, don wanda bai zauna can ba ba zai gane irin haukan ba. Duk abin da kake so a yi maka, ba sai ka iya yaren ba. Ka ɗauko guda ɗaya ka kai wa lawban, wato mai kamfani, ka ajiye a gabansa ka nuna da yatsa. Ya jujjuya shi, ya danna kalkuleta ya turo maka, ka danna naka ka tura masa, ku sha shayi a 'yan ƙananan kofuna. Bayan ɗan lokaci sai ga irinsa katan-katan. Wannan sauƙin shi ya lalata wa mutanenmu ido. Suka daina ganin kaya a matsayin kayan wani, komai samfur ne. Alhaji ya taɓa tsayar da wani bawan Allah ɗan Nijar a ƙofar masallaci ya karɓe masa takalmi ƙafa ɗaya, mutumin ya koma masauki da silifas na alwala. Ya taɓa cire wa baƙonmu hula a kai muna cikin cin abinci. Kular abincin da matata ta ba ni na taho da ita ma bai bari ba. Kuma ba wanda yake tambayar inda samfur ya kwana bayan an gama, don a wurinsu abin da aka kai samfur ya riga ya mutu. Ni ma ban taɓa tambaya ba, tunda ba nawa ake kaiwa ba.

A lokacin kamfanonin gadi sun fara yawa a gida. Kowane banki, kowane gidan mai kuɗi, sai ka ga an tsayar da mutum a ƙofa da yunifom. Wani ya bugo wa Alhaji waya daga Kano yana son huluna na masu gadi, da bajo mai kwarjini wanda ɓarawo zai gani gabansa ya faɗi. Na ji suna maganar, ban kawo komai a raina ba. Cikin kwanakin ne bizata ta zo ƙarewa, dole na shiga jirgin ƙasa zuwa Hong Kong don in sabunta. Na yi tunanin tafiya da gwangwanin, sai na ga in jami'an kan iyaka suka buɗe jakar baƙin mutum irina suka ga kayan soja, bayanin zai yi tsawo. Na tura shi bayan katifa na ɗora masa katan.

Na dawo na tarar da lokacin danshin nan nasu ya shigo, wanda bango ke zufa, tufafi su ƙi bushewa, takalmi ya yi furfura a cikin kwali. Danshi maƙiyin tsohon zare ne, don haka ina ajiye jaka na jawo gwangwanin in shanya kayan a gaban fanka. Komai yana nan. Na ɗauko hankicin da ke can ƙasa, sai na ji shi sakayau. Na warware shi, babu komai. Na zazzage gwangwanin a katifa, na ɗaga katifar, na kakkaɓe zanin gado.

Alhaji yana zaune a kan tasa katifar yana ɓare gyaɗa, yana kallona kamar ana wasan kwaikwayo.

Na ce, "Alhaji, wani ya shigo ɗakin nan da ba na nan?"

Ya ce, "Wa zai shigo? Me ka rasa?"

"Akwai wani bajo a cikin hankicin nan."

"Au, wannan tsohon? Ni na ɗauka. Na kai samfur." Ya watsa gyaɗa a baki. "Na duba duk sharar taka, shi ne ya fi cika ido. Na ga ma ka naɗe shi daban, na ce lallai shi ne mai kyaun."

Na ce, "Ka buɗe mini kaya, Alhaji? Ba ka tambaye ni ba?"

"Kayanka da nawa akwai bambanci ne? Kai, Kyaftin, ka cika abin mamaki. Abu yana kwance yana tsatsa, na sa shi ya yi amfani, maimakon ka gode kana zare mini ido."

"Na babana ne."

Ya ce, "Allah ya jiƙan Baba. Ai da yana raye shi zai fara sa wa cinikin albarka."

Ka ji mutum! Bai taɓa zama da babana na minti goma ba, amma ya san abin da zai sa wa albarka. Na tambaye shi inda kamfanin yake. Ya ce can bayan gari ne, wajen filin jirgi, shi ma kai shi aka yi, kuma me nake ci na gaggawa tunda kaya sun kusa fitowa. Na sa takalmina na fita kafin bakina ya faɗi abin da zai isa Kano ya tarar da matata.

Wanda na nufa wani abokina ne ɗan Gana, mai tura wa mutane kaya ta ruwa da ta sama. A zangon Sekondi ya tashi, kusa da barikin sojan ruwa, don haka shi kaɗai ne a cikin jama'armu bai taɓa yi wa gwangwanina dariya ba. Ya kuma iya Sinancin kasuwa daidai gwargwado. Na ce masa Alhaji ya kai bajon babana samfur. Nan take ya rufe ofishinsa. A hanya ne ya ce, "Masa," yadda 'yan Gana ke kiran mutum, "ka yi addu'a ba su taɓa shi ba tukuna." Na ce taɓawa kamar yaya? Ya kawar da kai ya ce mu dai je. Ashe shi ne ma ya haɗa Alhaji da kamfanin, bai san abin da za a kai ba.

Muka shiga bas muka bi ta unguwar Baiyun, jirage suna wucewa ƙasa-ƙasa kamar za su kwashe eriyar gidaje. Kamfanin wani dogon ɗaki ne a bayan shagunan gyaran babur, cike da kekunan surfani masu kai da yawa, suna ta ƙara ba ka jin maganar na kusa da kai. Lawban ɗin mace ce, gajera, da almakashi rataye a wuya. Ta tarbe mu da fara'a, ta ɗauka sabon ciniki muka kawo. Abokina ya yi mata bayani. Ta girgiza hannu ta ce, "Meyo, meyo," wato babu. Ya sake yi mata bayani a hankali yana nuna ni. Na ga fuskarta ta canja. Ta shiga wani lungu ta daɗe tana bincike a cikin kwandon yankakkun ƙyallaye, sannan ta fito da wata 'yar leda ta ajiye a tafin hannuna.

Abin da ke cikin ledar nan, in ba ni ba, ba wanda zai ce bajo ne. Sun farke shi. Haka ake yi wa samfur ashe, sai an buɗe cikinsa an ga yadda aka jera shi, da abin da aka cusa ya yi tudu, da faɗin kowane yanki. Kambin yana gefe guda an yanke shi. Angar ta rabu da jan karan-miskin da take kwance a kai. Zaren zinaren da ya yi shekaru yana tara duhunsa an warware shi, ya zama ɓurɓushi kamar ganyen shayi. Na zazzage a kan teburinta ina tonawa da yatsa, ina neman abu ɗaya. Ganyen hagu, mai ƙunar, ba ya ciki. Abokina ya tambaye ta. Ta ce da suka sa almakashi a wurin sai ya marmashe, suka share.

Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. An kawo mata samfur ta yi masa abin da ake yi wa samfur. Ta yi ta ba ni haƙuri da yarenta, ta kawo shayi ban sha ba. Sai kuma, ina jin don ta sanyaya mini rai, ta ja ni wajen katan ɗin da aka gama, ta buɗe ta ɗebo ta cika mini hannu. Ga su nan, sababbi fil, zaren roba mai ƙyalli kamar takardar alawa, bayansu shafe da gam. Kambin sarauniya, a hular mai gadin banki! Na ɗaga ɗaya zan jefar, sai idona ya sauka a ganyen hagu.

Sun ɗinka ƙunar. Da zare mai ruwan ƙasa, da ɗan baƙi a tsakiya, daidai wurin, daidai girman, har da 'yar wutsiyar da tartsatsin ya ja kafin ya mutu. Na duba na biyu, na duba na uku. Na tura hannu can ƙasan katan ɗin na zaro wani. Kowanne da ita. Abokina ya tambayi matar yadda aka yi. Ta ce ta ga tabon, ta nuna wa mai odar da yatsa ta tambaye shi ko a cire, shi kuwa yana kan waya, ko kallo bai yi ba ya ce a yi shi sak yadda yake. Ita kuma ta ɗauka wata alama ce ta sojojin ƙasarmu, har ta sa aka nemo zaren da ya dace. Tana faɗa tana ɗan murmushi, don aikin ya fita.

Abin da babana ya ɓoye wa matarsa ta sunna, ga shi nan an cika katan da shi. Na zauna a kan wani buhun ƙyalle. Na roƙi abokina ya tambaye ta ko za a iya farke tabon daga jikinsu. Ta ce yawancin kayan an riga an maƙala su a huluna an tura wajen loda, wannan katan ɗin ragowa ne.

Da muka koma na tarar da Alhaji ya idar da la'asar yana jan carbi, har an kawo masa wasu daga cikin sababbin bajon don ya gani da ido. Na ajiye ledar a gabansa. Ya leƙa ya ce, "To, ai ka samu abinka."

Na ce, "Wannan ne abina?"

"Haba Kyaftin. Tsoho ne fa, har ya yi duhu. Ka ba da ɗaya mai datti an yi maka sababbi cikin katan, wa ya ci riba?" Ya ɗauki ɗaya daga cikin sababbin ya kai kusa da taga yana jujjuyawa. Sai a lokacin ya lura. Ya ce, "Kai, ji wani ɗigo da suka sa a nan. Wallahi ya ƙara masa kyau. Mutanen nan akwai basira." Ya wurgo mini shi a kan katifa. "Riƙe wannan, kyauta na ba ka. Ka sa a gwangwanin, ya fi duk na ciki haske."

Ina da abin faɗa a ranar, har ya cika mini baki. Da na ba shi labarin ɗigon nan, wataƙila, wataƙila fa, da kunya ta kama shi sau ɗaya a rayuwarsa. Amma na yi wa babana alkawari ba zan ba kowa labari ba, kuma ko da zan karya, ba a gaban wannan mutumin ba, da ɓawon gyaɗa a gemunsa. Da na faɗa masa, kafin magariba duk gidan taliya sun ji, ana dariya ana cewa Kyaftin na kuka a kan tabon guga. Na sa bayan hannu na make bajon nasa, ya faɗa can bayan katan. Na ce, "Alhaji, Allah ya ba ka abin da kake nema." Ya ce amin, da zuciya ɗaya.

Ban ƙara sati a ɗakin ba. Na koma wajen abokina ɗan Gana, na raba kasuwancina da na Alhaji. Alhaji ya aika gida cewa na yi masa butulci a kan maɓalli, dangi suka yi ta kira, matata ta yi kuka a waya tana tambayata me yayanta ya yi mini da zafi haka. Na ce mata ba komai, hali ne bai zo ɗaya ba. Muna gaisawa da shi har yau, a biki da jana'iza, kuma har yau Kyaftin yake ce mini.

Hulunan sun karɓu, wannan kam ba ƙarya. Da na koma Kano na je banki, mai gadi ya buɗe mini ƙofa ya ƙame, na ɗaga kai sai ga kuskuren babana a goshinsa. Na tsaya ina kallo har ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya lau, na shige. Na gan shi a ƙofar asibiti, na gan shi a gidan mai, na gan shi a kan wani tsoho yana gyangyaɗi a bakin get, hular ta karkace. Daga baya wasu suka kai na Alhajin ma samfur, aka yi ta juyar jabu daga jabu, ɗigon yana ƙara girma yana canja kama, har na ga wanda aka mayar da shi ja kamar fure. Babu wanda ya taɓa tambayar mene ne shi. Yanzu da nake rubuta wannan babu sauran abin da zan ɓoye, an riga an tallata shi a kowace ƙofa. Labarin kawai ya rage, kuma gara a ji shi daga bakina a san cewa mutumin da ya yi tabon nan sau ɗaya ya yi shi.

Ledar tana nan, amma ba ta da ganyen hagu. Ranar da nake kwashe kayana daga ɗakin Alhaji, na zauna na rufe ido ina son in tuna yadda ƙunar take, ko wutsiyar sama ta yi ko ƙasa, sai na ga na fara kokwanto. Abin da na yi shekaru ina buɗewa ina kallo! Alhaji ya fita kasuwa. Na durƙusa na jawo katan ɗin nan, na tura hannu cikin ƙura da ɓawon gyaɗa ina lalube har na taɓo bajon nan da na make. Wutsiyar ƙasa ta yi.

Na ci gaba da tara kayana, kuma har yanzu in aka miƙo mini jabu ina mayarwa in share yatsuna. Masu sha'awar abin sukan zo gida su duba, in baje musu komai a kan tabarma, in faɗa musu zamanin kowanne. Hankicin ne kawai ba na buɗewa. Jabu ɗaya ne a gwangwanina, zaren roba da gam, kyautar Alhaji, kuma shi ne naɗe a cikin hankicin babana.